Darasi Na 14: Yadda A Ke Fid Da Tabon Taɓo Daga Tufafi

Ga kalmomi biyu, ku dube su da kyau:

taɓo

tabo

Harafi ɗaya ne ya raba su. Ta farko tana da ɓ mai ƙugiya, ta biyu tana da b marar ƙugiya. Taɓo shi ne jiƙaƙƙiyar ƙasa da mu ke takawa da damina. Tabo kuwa shi ne alamar da ta ke saura a jikin riga bayan an wanke ta. In mun san abin yi, taɓo ba zai zama tabo ba. Abin da za mu koya ke nan a wannan darasi.

1. Damina da tufafinmu

Damina uwar albarka ce, amma ba ta tausayin riga. Tun daga watan Yuni har zuwa Satumba muna cikin taɓo. Cikin watan Agusta, lokacin marka, abin ya fi tsanani. Manomi ya dawo daga gona wandonsa ya yi kaca-kaca. Mace ta je ɗiban ruwa, bakin zanenta ya sha caɓi. Yaro ya tafi makaranta da farar riga, ya komo da ja. Wani kuma ya ci ado za shi kasuwa ko masallacin Jumma'a, mota ta wuce ta fantsama masa ruwan hanya.

Tufafi ba araha gare su ba. Da yawa daga cikinmu sai an sayar da gyaɗa, ko wake, ko akuya, kana a ɗinka sabuwar riga. Rigar da ya kamata ta yi shekara uku, in ana wanke ta da ƙarfin tsiya, ba za ta ga damina biyu ba. Saboda haka wanda ya iya wanki ya tsare dukiyarsa. Wannan darasi na maza ne da mata duka, domin kowa yana sa tufa, kowa kuma yana taka taɓo.

2. Mene ne taɓo?

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin mu yi maganin abu, sai mu san yadda ya ke.

Bari mu yi gwaji a nan cikin aji. Mu samo farar kwalba. Mu zuba ƙasar gona cikinta kamar cokali huɗu. Mu cika ta da ruwa, mu toshe bakin, mu girgiza ƙwarai, mu ajiye. Nan da nan za mu ga yashi ya sauka gindin kwalba, domin ya fi nauyi. Bayan awa ɗaya ko biyu, ƙasa mai laushi za ta kwanta bisa yashin. Amma ruwan sama ba zai washe ba. Ya kan kwana da duhunsa, wani lokaci har kwana biyu. Abin da ya hana shi washewa ita ce laka.

Ƙwayar laka ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta ita kaɗai. Ku dubi rular da yara su ke zuwa makaranta da ita. Daga ƙaramin layi zuwa na kusa da shi, shi ne milimita 1. Ƙwayar yashi babba ta kan kai milimita 2. Ƙwayar laka kuwa sai an jera 500 ko fiye kafin su cika milimita 1.

Yanzu mu ɗaga bakin riga mu duba ta wajen hasken rana. Za mu ga zare ne aka saƙa, wani a tsaye, wani a kwance, da 'yan ƙofofi tsakaninsu. Kowane zare kuma murɗaɗɗiyar auduga ce mai ƙananan gashi. Yashi ba ya iya shiga nan, sai ya tsaya a waje. Laka ita ce ta ke bin ruwa ta kutsa cikin zaren ta maƙale. In ta iske maiƙo da gumi a jikin rigar, sai ta daɗa kamawa.

To, ashe taɓo ba rini ba ne. Ƙasa ce ta ɓuya cikin zare. Aikinmu shi ne mu fito da ita waje, kada mu daɗa tura ta ciki.

3. Taɓo iri uku

Ba duk taɓo ne ɗaya ba. A ƙasarmu mun fi gamuwa da iri uku.

Na farko, taɓon jigawa. Yawancinsa yashi ne. Wannan ba ya da wuya. Da ya bushe sai ya kakkaɓe, abin da ya rage kuma sabulu ya fid da shi.

Na biyu, baƙin taɓon fadama. Laka ce mai danƙo, haɗe da ruɓaɓɓen ganye da ciyawa. Taɓon turke da na garke danginsa ne, domin akwai kashin dabbobi a ciki. Wannan yana son a jiƙa shi ya daɗe cikin ruwan sanyi.

Na uku, jan taɓo, na jar ƙasa da marmara, irin wanda a ke zubawa a hanyar mota. Me ya sa ya ke ja? Akwai tsatsar ƙarfe a cikinsa. Mun san yadda fartanya ta ke yin ja in ta kwana cikin raɓa. Irin wannan tsatsa ce ta rina ƙasar. Shi ne mafi taurin kai cikin ukun. Sabulu ya kan fid da ƙasar, amma sau da yawa jan yana saura. Za mu zo ga maganinsa nan gaba.

4. Gaggawa ita ce ɓarna

A ce mutum biyu suna tafiya, mota ta watsa musu taɓo. Na ɗaya ya yi maza ya kama gefen riga yana murzawa, ya yayyafa ruwa yana gogewa. Na biyu ya sa tsinke ya ɗauke gudajin da ke sama, ya ƙyale sauran. Wanne ne ya yi daidai? Na biyun ne. Na ɗaya ya tura laka cikin zare da hannunsa. Ɗigon da bai fi ƙwayar wake ba ya mai da shi kamar tafin hannu.

Ga abubuwa huɗu da su ke mai da taɓo tabo:

Na ɗaya, murza taɓo yana ɗanye.

Na biyu, fara wanki da ruwan zafi. Mun ga yadda ƙwai ya ke daskarewa in an dafa shi. Haka kashin dabba da jini da gumi su ke yi cikin zare in sun ji zafi. Su daskare, su riƙe lakar tare da su.

Na uku, goge riga da dutsen guga tabon bai fita ba. Zafin dutse yana zaunar da tabo.

Na huɗu, dunƙule jiƙaƙƙiyar riga a jefa lungu. Cikin kwana biyu ko uku sai ta yi hunhuna, ta fito da baƙaƙen ɗigo-ɗigo da wari. Tabon hunhuna ya fi na taɓo wuyar fita, kuma yana cin zare.

Hausawa sun ce, abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa. A wajen wankin taɓo, ruwan sanyin ma ya fi.

5. Yadda za mu yi wankin

Mu bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Kada mu tsallake ko ɗaya.

Mataki na 1: A bari ya bushe. Da mun iso gida sai mu tuɓe rigar mu rataye ta. In da rana, a rana. In ana marka, mu rataye ta a zaure ko ƙarƙashin rumfa, inda iska ta ke wucewa. Mu buɗe ta sosai. In taɓon ya yi kauri, mu sa bayan cokali ko tsinke mu ɗauke na sama a hankali, ba tare da dannawa ba.

Mataki na 2: A kakkaɓe. In ya bushe ƙayau, mu lanƙwasa wurin, taɓon zai farfashe ya zube. Mu buga rigar da 'yar sanda, mu share da burushi ko da sabuwar tsintsiya mai laushi. Mu yi wannan a waje, mu juya wa iska baya, kada ƙura ta shiga mana ido. Yawancin ƙasar a nan ta ke fita, tun ba a taɓa ruwa ba. Mun rage wa kanmu aiki, mun kuma rage ɓarnar sabulu.

Mataki na 3: A zuba ruwa ta baya. Mu juya rigar ciki ya koma waje. Mu miƙe wurin tabon, mu kwarara ruwan sanyi ta bayansa. Laka ta gaba ta shiga, saboda haka ruwan da ya zo ta baya shi ke koro ta ta fita ta inda ta shigo. In muka zuba ta gaba, mun daɗa kora ta ciki.

Mataki na 4: A shafa sabulu a jiƙa. Mu goga sabulun wanki a kan tabon, gaba da baya. In garin omo ne, mu kwaɓa kaɗan da ruwa ya yi kamar kunu mai kauri, mu shafa. Sabulun salo ma yana yi. Sa'an nan mu nutsa rigar cikin baho da ruwan sanyi mai ɗan sabulu. Farar riga ta yi awa 2, ko ma ta kwana. Mai launi kada ta wuce rabin awa, domin kada ta zuba.

Me sabulu ya ke yi? Ruwa da mai ba su shiri. Sabulu shi ne mai shiga tsakani. Ya kama maiƙo da hannu ɗaya, ya kama ruwa da ɗayan. In maiƙon ya saki zare, lakar da ta manne da shi sai ta bi ruwa. Amma wannan aiki yana son lokaci. Shi ya sa jiƙo ya fi ƙarfin dantse.

Mataki na 5: A cuɗa a hankali. Mu kama wurin tabon da hannu biyu, mu cuɗa tufa da tufa. Mu faro daga gefen tabon mu nufo tsakiya, domin kada ya bazu. Kada mu dirza riga a kan dutse mai kaushi. Dutse yana fid da datti, amma da zare ya ke tafiya. In ruwan baho ya yi ja, mu zubar mu sake wani. Ruwa mai laka ba ya wanke laka.

Mataki na 6: A ɗauraye. Sau biyu ko uku, har ruwan ya fito garau. Sabulun da ya saura a riga yana sa ta yi dushi-dushi, kuma yana jawo sabon datti.

Mataki na 7: A duba. Tun rigar tana jiƙe mu ɗaga ta a haske. In da sauran tabo, mu koma mataki na 4. Sau biyu a hankali ya fi sau ɗaya da ƙarfi.

6. In jan ya ƙi fita

Mun ce jan taɓo yana da tsatsa. Sabulu ba ya narkar da tsatsa. Abu mai tsami ne ya ke narkar da ita. Maganin yana nan a kasuwarmu, watau lemun tsami da gishiri.

Ga yadda a ke yi. Da farko mu ɗauraye rigar sarai, kada a bar sabulu ko kanwa a jikinta, domin su da tsami kashe juna su ke yi. Mu matse lemun tsami a kan tabon har ya jiƙu. Mu barbaɗa gishiri kaɗan. Mu shimfiɗa wurin a rana kamar awa 1. In ya bushe da wuri mu ƙara ɗiga lemun. Sa'an nan mu ɗauraye da ruwa mai yawa, mu sake wankewa da sabulu. Tsohon tabo ya kan so a maimaita sau biyu ko uku.

Wannan ya fi dacewa da farar auduga. In tufa mai launi ce, mu fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, kamar cikin kalmasa, mu ga ko launin zai koɗe. Wani zai ce, ai tsamiya ma tana da tsami. Gaskiya ne, amma ruwanta yana da launi, sai ya bar nasa tabon.

Akwai kuma ruwan bilic da a ke sayarwa a kanti don farin kaya. Mu yi hankali da shi. Yana fid da tabo iri-iri, amma ba ya fid da tsatsa. Daɗa zaunar da ita ya ke yi, wurin ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa. Saboda haka ba maganin jan taɓo ba ne.

Ga gargaɗi babba: kada a haɗa bilic da lemun tsami, ko da wani abu mai tsami. In sun haɗu suna fid da iska mai guba, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. In an yi aiki da ɗaya, a ɗauraye sosai kafin a taɓa ɗayan. Kada kuma a juye bilic cikin kwalbar lemo ko ta ruwan sha. Yaro bai san bambanci ba. A ajiye shi sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

7. Inda taɓo ya ke zama rini

Mun ce taɓo ba rini ba ne. Amma akwai lokacin da ya ke zama rini na ainihi, kuma ya kamata mu san shi.

A ƙasar Mali, Bambarawa suna yin wani zane da a ke kira bogolan. Su kan jiƙa farin saƙi cikin ruwan ganyen marke, ya yi ruwan ɗorawa. Su ɗebo laka daga gindin kogi, su ajiye ta cikin tukunya ta daɗe. Sa'an nan su zana ado da lakar a kan zanen. In ta bushe sai su wanke. Lakar ta fita, amma inda ta taɓa ya zama baƙi, ba ya kuma fita. Dalili shi ne, ƙarfen da ke cikin laka ya gamu da ɗacin nan mai bauri da ke cikin ganye. Dukawanmu ma sun san wannan. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in ruwan ƙarfe ya taɓa ta sai ta yi baƙi.

Irin wannan bauri yana cikin goro, da shayi, da ruwan ganyaye da ɓawon itatuwa da yawa. To, rigar da ta ke da tabon goro ko na shayi, in jan taɓo ko na fadama ya hau wurin, sai ya yi duhu ya kama. Darasin da ke nan shi ne, kada mu bar tabon goro ya kwana a riga da damina. Mu wanke shi tun yana sabo.

8. Kowace tufa da halinta

Farar auduga, kamar alawayyo da rigar makaranta, ita ce mai haƙuri. Tana jure jiƙo, da lemun tsami, da rana. In an gama a kan sa mata bula kaɗan a ruwan ɗauraya na ƙarshe. Amma mu sani, bula ba ta fid da tabo. Haske kawai ta ke ƙara wa fari.

Atamfa a wanke ta ita kaɗai, da ruwan sanyi, kada a haɗa ta da farin kaya. A shanya ta a juye, a inuwa mai iska.

Shadda ba ta son dirza ko burushi mai ƙarfi, ƙyallinta zai tafi. A bar taɓon ya bushe, a kakkaɓe, a jiƙa kaɗan, a matsa da tafin hannu.

Tufar da aka rina da baba aka buga da shuni, irin turkuɗin da garin Kura na jihar Kano ya yi suna da shi, ruwa yana kashe ƙyallinta. In taɓo ya taɓa ta, a bari ya bushe a kankare a hankali. In abin ya yi yawa a kai wa marina da mabuga, su ne suka san kanta.

Rigar sanyi ta ulu, da alharini, da aikin wuyan babbar riga na tsamiya, kada kanwa ko ruwan toka ko bilic su taɓa su. Suna cinye irin wannan zare. Sabulu mai laushi da ruwan sanyi sun isa.

Yadin roba ba ya shan laka kamar auduga, amma yana riƙe maiƙo. A shafa masa sabulu sosai a wuya da hammata. Dutsen guga mai zafi ƙwarai yana narkar da shi.

9. Ruwan wanki da wurin wanki

Da damina ruwan rafi da na tafki ja ne, cike da laka. In muka wanke farar riga da shi, mun rina ta da kanmu. Mu ɗebo ruwan tun da wuri, mu bar shi ya kwanta, mu tsiyaye na sama. In muna so ya kwanta da sauri, mu ɓare busassun 'ya'yan zogale, mu daka ƙwayar ta yi gari, mu dama cikin ruwan, mu bar shi awa 1 ko 2. Garin yana tattara laka ya sauka da ita ƙasa. Ruwan sama da aka tara daga rufin kwano ya fi kowane ruwa kyau ga wanki. Sabulu kaɗan ya ishe shi.

Wata rijiya kuma ruwanta zartsi ne, sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Maganinsa kanwa. A jefa ɗan gutsure kamar girman goro cikin bokiti, a bari ya narke, kana a sa sabulu. In babu kanwa, a jiƙa tokar murhu ta kwana, a tace ruwan, a zuba kaɗan. Kada a cika, domin yana cin hannu, yana kuma koɗar da launi. In ya fantsama a ido a wanke nan da nan da ruwa mai yawa.

Akwai wata magana da ta fi riga muhimmanci. Da yawanmu mu kan shiga cikin tafki ko kududdufi mu tsaya muna wanki, yara suna wasa kusa da mu. A irin wannan ruwa a ke ɗaukar tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana girma cikin 'yan katantanwa na ruwa, ta fito ta huda fatar mutum ta shiga, bai ko ji ba. Saboda haka mu ɗebo ruwa mu yi wanki a tudu. Ruwan da aka ajiye ya kwana biyu, ƙwayar tsargiya ta mutu a cikinsa. Kun ga ajiye ruwa ya yi mana amfani biyu: laka ta kwanta, cuta ta mutu. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko a na ɗansa, ya tafi asibiti. Akwai magani.

Kada kuma mu yi wanki a bakin rijiya. Ruwan dauɗa yana komawa ciki. Mu matsa nesa, mu zubar da ruwan wanki inda zai tsotse, ba inda zai taru ya zama gidan sauro ba.

10. Shanya da guga

Mu ɗaura igiya mu yi shanya a kanta. Shanya a ƙasa tana mayar da aiki baya, domin ƙasar damina ba ta rabuwa da laima. Har wa yau akwai wani ƙuda da ya ke yin ƙwai a ƙasa da kan tufafin da aka shimfiɗa a inuwa, musamman masu warin fitsari ko gumi. In an sa tufar, tsutsar ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Yara ƙanana ya fi kamawa. Rana mai zafi da dutsen guga suna kashe ƙwan. Don haka kayan jarirai a shanya su a igiya cikin rana, a goge su ciki da waje.

Guga ita ce ta ƙarshe, bayan mun tabbata tabo ya fita. In an sa wa farar riga sitaci kaɗan, yana toshe ƙofofin zare. Taɓon da ya hau ta daga baya ba ya shiga can ciki, sai ya fita tare da sitacin a wanki na gaba.

11. Rigakafi ya fi magani

Mu ware kayan aiki dabam, na fita dabam. Tsohuwar riga ta ishi gona. In za mu ratsa taɓo mu naɗe ƙafar wando, mu tattare babbar riga bisa kafaɗa. In za mu je biki a wani gari, mu ƙunshe kayan ado a leda, mu sa su in mun isa. Yara su tuɓe kayan makaranta da sun dawo, kafin su fita wasa.

Yawancin taɓon da ke ɓata mana kaya kuwa a ƙofar gidajenmu ya ke. Kafin ruwa ya sauka, mu yi gayya. Mu yashe rariya da magudanar ruwa, mu cike ramuka, mu zuba tsakuwa a ƙofar gida da bakin rijiya. Aikin yini ɗaya ne, amfaninsa na damina guda.

Abin tunawa

Taɓo ƙasa ce ta shiga zare. A bari ya bushe. A kakkaɓe. A zuba ruwan sanyi ta baya. A shafa sabulu a jiƙa. A cuɗa a hankali. A ɗauraye. In ja ya saura, lemun tsami da gishiri da rana. Ba a guga sai tabo ya fita. Mahaƙurci mawadaci.

Kalmomin da za mu rubuta

taɓo, tabo, laka, tsatsa, jiƙa, kakkaɓe, cuɗa, ɗauraye, ƙura, ɓarna, shanya, guga

Ku ja layi ƙarƙashin kowane harafi mai ƙugiya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin taɓo da tabo?
2. Cikin gwajin kwalba, me ya fara sauka ƙasa? Me ya yi saura a sama?
3. Me ya sa jar ƙasa ta ke ja?
4. Don me ba a murza taɓo yana ɗanye?
5. Don me a ke zuba ruwa ta bayan tabo?
6. Waɗanne abubuwa biyu ne ba a haɗawa, kuma don me?
7. Wane ciwo a ke ɗauka in an tsaya cikin tafki ana wanki?
8. Wane irin taɓo ne ya fi yawa a garinku?

Lissafi

1. An jiƙa farar riga da ƙarfe 8 na safe. Za ta yi awa 2. Da ƙarfe nawa za a fid da ita?
2. Wanki ɗaya yana cin bokiti 3 na ruwa. Ana wanki sau 2 a mako. Bokiti nawa ke nan a mako 4?
3. Lemun tsami 1 ya isa tabo 2. Lemu nawa a ke bukata don tabo 10?

Aikin gida

Kowa ya samo farin tsumma guda 2. Ya shafa musu taɓo iri ɗaya. Na ɗaya ya murza shi nan take ya wanke. Na biyu ya bar shi ya bushe, ya bi matakan nan 7. Ku zo da su aji ran darasi na gaba, mu jera su a rana mu gani da idonmu. Sa'an nan kowa ya karanta wa mutanen gidansu wannan darasi da babbar murya.